Kunne, Baki, Sannan Hannu: Tambayoyin Iyaye Kan Fara Koya wa Yara Karatu da Rubutu

Na daɗe ina koyar da ajin share fage a cikin birnin Kano. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa a bakin ƙofar makaranta aka yi mini su, lokacin tashi, uwa na riƙe da jakar ɗanta, mai adaidaita sahu yana jiranta. A tsaitsaye ba a gama irin wannan magana, shi ya sa na tattaro waɗanda suka fi maimaituwa na amsa su a zaune. Maganar ta shafi yara daga shekara 2 zuwa 6.

Malama, daga ina ake fara koya wa yaro karatu?

Daga kunne. Rubutu magana ce aka zana a takarda, kowane harafi kuma yana wakiltar wani sauti da ke fita daga baki. Yaron da bai lura cewa "masa" da "mota" da sauti ɗaya suka fara ba, ko ka nuna masa harafin m sau ɗari, wani zane kawai yake gani mai tudu biyu. Don haka sai kunne ya rarrabe sautuka, baki ya iya furta su, ido ya gane alamarsu, sannan hannu ya zana. Mu kuwa yawanci ta ƙarshe muke farawa: ranar da aka kai yaro nazare, ranar ake saya masa fensir da littafi mai layi.

Ai ɗana yana ji sarai. Mene ne kuma koyon sauraro?

Ji daban, sauraro daban. Ji kyauta ce daga Allah, sauraro kuwa horo ne: yaro ya tsayar da hankalinsa kan sauti guda a cikin hayaniya, ya riƙe shi, ya bambanta shi da wani. Kuma a garin nan ba mu rasa abin saurare ba. Da yamma ki zaunar da shi a tsakar gida, ki ce ya rufe ido ya faɗi abin da yake ji. Zai fara da masu ƙarfi, injin markaɗe da janaretan maƙwabta. In kika yi haƙuri zai kamo na nesa: luguden daka, ƙarar almakashin mai yankan farce, mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, kiran sallar wani masallaci da ya riga na unguwa. Sai ki tambaye shi wanne ne kusa, wanne ne nesa, wanne ya fi siriri.

A ajina ina da gwangwanayen madara guda shida da aka rufe bakinsu. Biyu da shinkafa, biyu da wake, biyu da tsakuwa. Yaro zai girgiza ya nemo wa kowanne ɗan'uwansa. Ranar farko da ka kawai suke haɗawa. Bayan mako biyu sai ka ga yarinya ta kara gwangwani a kunnenta, ta yi shiru, ta ɗaga wa 'yan'uwanta hannu su daina surutu. Wannan shirun da ta nema da kanta shi ne abin da nake jira.

Daga nan sai a shiga sautin magana. A tafa sunaye gaɓa-gaɓa: Mu-sa tafi biyu, Ha-li-ma uku, Ab-dul-la-hi huɗu. A yi wasan "wa zai kawo mini abin da ya fara da sss?" yaro ya ruga ya ɗauko soso ko sabulu. Tatsuniya ma babbar makaranta ce. Daga "ga ta nan, ga ta nanku" har zuwa "ƙurungus", yaro yana riƙe da zaren labari a kansa, yana jiran abin da Gizo zai yi wa Ƙoƙi. In an gama, a ce shi ma ya ba da ita, ko da zai haɗa kai da gindi. Aike mai hawa biyu ma horo ne: "Kai wa Inna ludayi, ka dawo da murfin tukunya."

Mene ne foniks ɗin nan da makarantu ke tallatawa? Da me ya bambanta da ABCD da muka yi?

Foniks koyar da karatu ne ta hanyar sautin harafi maimakon sunansa. Kowane harafi yana da suna, yana kuma da sautin da yake yi a cikin kalma, kuma sautin ake karatu da shi. Waƙar ABCD sunaye take koyarwa. Yaron da ya haddace ta zai kalli kalmar Turanci ta kyanwa, wato cat, ya ce "si, ei, ti", ya tsaya nan, domin ko ya maimaita sunayen nan har dare ba za su haɗu su zama kalmar ba. Wanda ya san sautukan zai ce k, a, t, ya matso da su kusa da juna, kalmar ta faɗo masa a baki.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a makarantunmu shi ne Jolly Phonics, wanda ya fito daga Ingila. Yana koyar da sautuka 42 na Turanci a rukuni bakwai, kowane sauti da motsin hannunsa, rukunin farko kuwa s, a, t, i, p, n ne, saboda kalmomi da yawa suna fita daga waɗannan shidan. Tsari ne mai kyau in an bi shi yadda ya kamata. Inda ake samun matsala shi ne a mayar da shi wata haddar: yara su rera waƙoƙin da motsin tsaf, amma ba a taɓa sa su haɗa sauti biyu ba. Abu na biyu, harshenmu ba ya son baƙi tsirara, sai ya liƙa masa wasali, shi ya sa muke cewa burodi da tebur. In malama tana cewa "sa, a, ta" maimakon sss, a, t, haɗawa za ta yi wa yaro wuya.

Da Hausa zan fara masa ko da Turanci? Ina tsoron a bar shi a baya.

Na fahimci tsoron, domin da Turanci zai rubuta jarrabawa. Duk da haka ra'ayina a fili yake: a fara haɗa sauti da harshen da yaro yake mafarki da shi. Rubutun Hausa na boko yana da gaskiya. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u, kuma duk inda ka ga a, a ce. Harafin c koyaushe sautin farkon "cokali" yake yi. Turanci kuwa yana da sautuka kusan 44 da haruffa 26 kacal, harafi ɗaya yana yin aiki biyu ko uku, wani ma a rubuta shi a ƙi furta shi. Ga kuma rikicin suna: harafin da Bahaushe ke kira i, a Turanci sunansa "ai", wanda muke kira e kuma shi ne sunansa "i".

Muhimmin abu shi ne lada. In yaro ya sha wuya ya haɗa na da ma ya ji "nama" ta fito, zai yi dariya, domin ya san nama, jiya ma ya ci. Nan take ya gane cewa zanen nan magana yake yi. In kuwa ya haɗa sautukan wata kalma da bai taɓa jin ta ba, bai san ko ya yi daidai ba sai an gaya masa. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyon ta a rayuwa. Wanda ya iya ta da Hausa, da ita zai shiga Turanci, sai dai a ƙara masa sautukan da babu a harshenmu, irin su v, da bambancin p da f, wanda kunnen Bakano ke ji kamar abu ɗaya.

Wannan ba ya nufin a hana shi jin Turanci. Ya ji waƙoƙi, ya koyi gaisuwa da sunayen abubuwa da baki. In makarantarsu da Turanci zalla take koyarwa, kada ku yi faɗa da ita, ku dai yi Hausar a gida. Abin da nake roƙo shi ne a daina hana yaro Hausa a cikin gidansu, a bar shi da guntun Turancin da bai wuce umarni uku ba. Yaron da ya taso da yalwar kalmomi a harshe ɗaya ya fi saurin kama na biyu.

To a aikace, yaya ake koyar da haɗa baƙi da wasali?

A fara da wasali a, da baƙaƙen da ake iya ja da baki ba tare da sun yanke ba: m, n, s, l. Ki ja mmm, yatsanki na tafiya zuwa aaa, har su zama ma. In gaɓoɓin ma, na, sa, la sun zauna, ki yanka kwalin sabulu ki rubuta kowace gaɓa a guntu guda. Ki ajiye ma da sa, ya karanta "masa". Ki juya su a gabansa, su zama "sama". Yara suna son wannan juyin ƙwarai, har su ce a sake. Daga nan mama, nama, nasa, lasa. Sai a kawo b, k, d, t, sannan sauran wasula ɗaya bayan ɗaya. Ba dole ne a bi jerin abacada ba, kuma da ƙananan haruffa ake farawa, domin su suka cika littafi.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, da irin su ts da sh da 'y, a bar su sai an ɗan yi nisa, amma kunne ya fara saninsu tun da wuri (duba amsar koyon sauraro). Ki ce "baki" ko "baƙi", ya nuna bakinsa ko ya nuna gawayi. Haka kasa da ƙasa, bata da ɓata, saya da tsaya. Maganar nan ta karya harshe, ta kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, kamar don wannan aikin aka yi ta. Akwai abu guda da rubutunmu ba ya nunawa, wato jan wasali da karin sauti. "Gari" na Kano da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Kada wannan ya dame ki, yaron da ke jin Hausa ma'anar jimla ce za ta nuna masa.

Yana zuwa makarantar allo da Islamiyya. Haruffan Larabci ba za su rikita shi ba?

Ba za su rikita shi ba, in dai kowanne yana da lokacinsa da wurinsa. Hasali ma malaman allo sun riga mu gane wannan tsari. Yaro yakan fara da biyawa da ka, kunne da baki kawai, kafin ya shiga babbaƙu, inda ake koyon baƙaƙe, sannan farfaru, inda ake ɗora musu wasula. Sai daga baya ake ba shi alƙalami da tawada ya rubuta allonsa da kansa. Abin da kawai za ku gani shi ne wani lokaci ya fara rubutun boko daga dama. Ku sa ɗigo babba a gefen hagu na takardar ku ce daga nan ake tashi, zai daidaita.

Shekara nawa ya kamata yaro ya fara riƙe fensir?

Ya riƙe abin zane tun yana shekara 2, ya yi ta kwarafniyarsa. Amma rubuta haruffa a kan layi, yawancin yara sai wajen shekara 5 hannunsu ke nuna. Ƙasusuwan wuyan hannun jariri guringuntsi ne, a hankali suke ƙwari cikin shekaru, kuma ƙarfi daga kafaɗa yake gangarowa zuwa gwiwar hannu, zuwa wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Shi ya sa ɗan shekara 2 ke dunƙule fensir a tafinsa yana zane da dukan dantsensa. Riƙo da yatsu uku yakan zauna tsakanin shekara 4 zuwa 6.

Akwai zanuka da ke zuwa a jere kafin harafi. Layi a tsaye, sai layi a kwance, sai da'ira wajen shekara 3, sai gicciye da murabba'i wajen shekara 4, sai layi a karkace, sai mai kusurwa uku wajen shekara 5. Ku dubi harafin k ko A, duk suna da layuka a karkace. In yaro bai kai ga zana karkataccen layi ba, tilasta masa rubuta k tamkar a ce wa mai rarrafe ya yi langa ne. Iyaye kan ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tsiron da bai yi ƙwari ba, in an matsa masa, karyewa yake.

Me zan ba shi ya yi kafin lokacin fensir ya zo?

Aikin gida na gaske. Ya taya ki tsinke ganyen zogale daga jikin kara, ya ɓare gyaɗa, ya mulmula ƙullin fulawa in kina cincin, ya matse soso, ya sa maɓallin rigarsa, ya zura makaroni a zare ya yi wa kakarsa sarƙa. Duk waɗannan babban yatsa da manuni suke ƙarfafawa, su ne kuma masu riƙe alƙalami. A kula da wanda bai kai shekara 3 ba, kada a bar shi shi kaɗai da wake ko gyaɗa, yana iya cusawa a hanci ko ya shaƙe.

Zane kuma a fara shi da girma. Rairayi a faranti ya zana da yatsa, gawayi ko alli a simintin tsakar gida, ko kofin ruwa da tsohon buroshi ya yi wa katanga fenti. A zafin Kano kafin ya kai ƙarshen bango farkon ya bushe, sai ya sake. In za a ba shi fensir, guntu ya fi dogo, domin guntu ba ya dunƙuluwa a tafi, dole yatsu su kama.

Makarantarsu tana ba ɗan shekara 3 aikin rubuta 1 zuwa 50. Ɗan maƙwabta ma yana yi. Mu ƙi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni. An taɓa kawo mini wata yarinya 'yar shekara uku da rabi daga wata makaranta. Uwarta ta ce kullum fensirinta ɓata yake, sai da aka ɗaga tabarma aka tarar da guda bakwai a jere, ita ke ɓoyewa. Da na miƙa mata fensir sai ta mayar da hannayenta baya, idonta ya cika da ƙwalla. Littafinta kuwa cike yake da lambobi masu kyau, domin kama hannunta ake yi ana ja. Zango guda ban ba ta fensir ba, sai laka da rairayi da tatsuniya. Wata safiya ta ɗauki alli da kanta ta zana da'ira mai ƙafa biyu, ta ce Ummanta ce.

Ku je ku sami malamar cikin mutunci. Sau da yawa ita ma ba son ranta ba ne, iyaye ne ke auna kuɗin makaranta da yawan shafukan da aka cika. Ku ce kun yarda a rage, layi biyu ya isa. Kada ku kama hannunsa ku rubuta, kada yayarsa ta yi masa, kuma kada a doke shi a kan rubutu. A tsarin ilimi na ƙasa shekara 6 ce ta shiga aji ɗaya na firamare, akwai lokaci. Ɗan maƙwabta kuma, ku tambaye shi ya ɗebo muku dutse bakwai, a nan za a san ko lambar ta shiga kai ko a hannu ta tsaya.

Ɗana bahago ne. In mayar da shi dama?

A rubutu, ku bar shi. Yara kan yi ta sauya hannu har wajen shekara 4 zuwa 6 kafin ɗaya ya rinjaya, kuma wanda aka tilasta wa hannun da ba nasa ba yakan yi rubutu a hankali, ya gaji da wuri, ya tsani abin. Cin abinci da karɓar abu da dama tarbiyya ce da ake koya masa daban, cikin lallashi, kuma bahagwai da yawa suna ci da dama suna rubutu da hagu ba tare da wata matsala ba. A aji a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta abokin zamansa.

Tana juya b ya zama d. Matsala ce?

Kafin shekara 7 abu ne da aka saba gani. A duniyar yaro, kofi kofi ne ko hannunsa ya kalli gabas ko yamma, haruffa ne suka fara zo masa da dokar cewa juyi yana sauya suna. Kada a koyar da b da d a mako ɗaya, balle a ƙara musu ɓ da ɗ. In abin ya wuce shekara 7 kuma ga wahalar haɗa sauti, lokacin neman taimako ya yi.

Bidiyon ABCD a waya ba ya taimakawa?

Kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Waya tana magana amma ba ta jiran amsa, yaro kuwa da karɓa-karɓa yake koyon harshe. In za a kalla, ku kalla tare, ku tsayar ku tambaye shi abin da ya gani.

Yaushe tsamin baki ko jinkirin magana ke zama abin zuwa asibiti?

Ɗan shekara 3 ya ce "yuwa" maimakon ruwa, ko ya kasa ts da ƙ, wannan ba abin tashin hankali ba ne, sautuka ne masu zuwa a makare. In'ina ma takan zo tsakanin shekara 2 zuwa 5 ta wuce, in ba a tsawata wa yaro ko an yi masa dariya ba. Abin da ba a jira da shi: ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ya kai 4 baƙo ba ya gane maganarsa, ko ba ya waiwaya in an kira shi ta baya, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da.

Na taɓa samun wani yaro da kowa ke cewa kunnen ƙashi gare shi. Na lura koyaushe bakina yake kallo, kuma yana karkato kai gefe guda. Ashe kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, ana ta ɗiga masa magungunan gida. Ciwon kunne da ke biyo bayan mura, musamman da hunturu, yana dusashe ji, haka ƙyanda da sanƙarau suna iya taɓa shi. Kada a sa tsinke ko gashin kaza a kunnen yaro. A kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a nemi a gwada jinsa. In ta tabbata ji ya yi rauni sosai, akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki.

Ni ban yi boko ba, mahaifinsa kuma yana kasuwa sai dare. Me zan iya yi?

Kusan duk abin da na lissafa a amsar sauraro da ta aikin hannu ba ya buƙatar ki iya karatu. Tatsuniya, kacici-kacici, tafa suna, tsinkar zogale, duk kin fi ni iyawa. Minti goma a rana ya isa, a daina tun yana marmari. Gaɓoɓin kwali kuma yayansa na firamare zai iya rubutawa, ku koya tare. Shi kuma Baba, in ya ɗauke shi ranar Juma'a zuwa masallaci, ya nuna masa harafin farkon sunansa a allunan shaguna, ya bar shi ya nemo wani da kansa.

Ta yaya zan gane ajin da ake yin abin da ya dace?

Ku nemi izini ku leƙa ajin da safe, kada ku tsaya kan littattafan da aka jera a ofis. Ku duba ko malama tana durƙusawa daidai tsayin yaro in za ta yi masa magana, ko akwai lokacin labari, ko yara suna amsawa ɗaya-ɗaya ko kullum amshi ne baki ɗaya, domin a cikin amshi yaron da bai gane ba yake ɓuya. Ku duba ko akwai rairayi, laka ko alli a inda hannunsu zai kai, da ko zanen da ke bango na yara ne ko na malama. In an tashi, a hanyar gida, ku tambayi ɗanku da wane sauti sunan ƙanwarsa ya fara, ku ba shi lokaci ya juya sunan a bakinsa kafin ya amsa.